Ranar da Hajiya Ta Rufe Wifi a Tukunyar Suna

Baƙar igiyar kuran, wato wutar lantarki, da ke bin bangon ɗakin Hajiya ta hau kan kantar kaya, inda akwatin wifi yake zama, a safiyar nan ta sauya hanya. Ta gangaro ƙasa, ta bi bayan randa, ta shige cikin babbar tukunyar dalma da ba a fiddowa sai ranar suna. An kife murfi, an ɗora ɗan dutsen niƙa a kai. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta wucewa ta gefenta, ba wanda ya kalla sau biyu. 

Hajiya Balaraba kakata ce, mahaifiyar innarmu. Jiya aka cire mata yanar ido a Maradi, yau kuma za a kwance bandeji. Lokotoron, wato likitan da ya yi aikin, baƙo ne, da azahar zai wuce Damagaram. Ya gargaɗe mu kada ta faɗi, kada ta duƙa, ga shi ruwa ya kwana sauka a Madarumfa, lungunmu ya koma taɓo. Wanda zai kai ta yayana ne, Ɗanladi, mai 'yar motar kuran da yake kwasar tumatir da kifi da ita daga bakin tafki zuwa kasuwar Maradi. Kamar kullum, can bakin masallaci ya bar motar, ya tako da ƙafa, wando a naɗe har gwiwa.

"Lahiya lau, amarya, gajiya ta bi jiki. Ya idon? Har yanzu da gefe guda kike kallona awa kaza?"

"Gefe gudan ma asara ne a kanka. Ina jakin naka mai shan kuran?"

"Yana bakin masallaci, yana jiran gimbiya."

"To gimbiya ba ta taka taɓo. Wane irin miji Allah ya haɗa ni da shi? Kakanka da raƙumi yake zuwa har ƙofar zaure."

"Raƙumin aro. An ba ni labari."

"Na aro ne, amma bai taɓa jin tsoron ƙofar gidanmu ba. Taka motar ko, da ta hango bangona sai jikinta ya ɗau rawa."

"Ba bangon take tsoro ba, matar gidan take tsoro. Ni ma don dai aure ya riga ya ɗauru ne."

"Sake ni mana! Yau ɗin nan, kafin in ɗaura ɗankwali, manema sun cika zaure."

"Wa zai ɗauka? Ba haƙori, ido guda a naɗe awa ƙunshin daddawa."

Gaskiyar maganar ita ce motar tana da dalilinta. Ranar da Ɗanladi ya sayo ta, nan ya fara kawo ta don Hajiya ta sa albarka, ya haɗa ta da wifin gidan don Kawu Ibrahim, autan Hajiya da ke aiki a Tamanrasset, ya gan ta a bidiyo. Tun daga ranar motar ta riƙe gidan. Duk sanda ta matso, sai ta kama wifin da kanta ta fara jawo sabon tsari daga masu ƙera ta, abin da direbobi ke kira mizajur. Sau ɗaya ta gama jawowa, ta kulle kanta daga hantsi har la'asar da kifi a bayanta, da ta farka kuma sai Sinanci take rubutawa. Makanikin da ya maido mata Faransanci bai iya maido duka ba, wurin da ake sa ta manta wifi har yau ba wanda ke iya karanta shi. Ya ce wa Ɗanladi motar ba don ƙasarmu aka yi ta ba, in ta sake sha, mai yiwuwa ba za ta tashi ba sam. A satin nan kuma masu irinta a Maradi suna ta gargaɗin juna a waya cewa an saki wani sabo, har wasu motocin sun kwanta.

"Tsohuwa, bar wasa tukuna. Jiya mi na ce miki? A zare igiyar akwatin nan. An kashe?"

"Na yi maganinsa."

"Ban ce magani ba. An kashe?"

"Ka ji mutum da tambaya awa jandarma a bakin iyaka! Na ce ma na yi maganinsa. Ko aljani ba ya jin ɗuriyarsa yau."

Ɗanladi ya leƙa ɗakin, ya ga babu akwati a kan kantar, ya gyaɗa kai ya fita. Na duba wayata a zaure, alamar wifi ta ɓace. Na ce a raina wataƙila dabarar ta ci, na ci gaba da ninke mayafin Hajiya.

Motar ta shigo lungu a hankali, ba ƙara ba hayaƙi, har kajin maƙwabta ba su ga dalilin matsawa ba. Ya tsayar da ita daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Hajiya, don nan ne kawai ƙasa ke da tauri. A bayansa wani amalanken jaki ɗauke da ciyawa ya biyo, ya zo tsakiyar lungu ya kafe a taɓo.

"Ya iso?" in ji Hajiya. "Mota ba sallama, ba gyaran murya, awa ɓarawon awaki."

Ɗanladi ya amsa ta taga, "Ladabi ne da ita. Ba ta gado bakinki ba."

"Yunwa ce ta hana ta magana. Abin da ake shayarwa ta igiya awa waya, ina zai samu ƙarfin kuka?"

Sai muka ji ɗan ƙara daga cikin motar, kamar an buga cokali a kofi. Ɗanladi ya sunkuya ya dubi allon gaban direba. Wani siririn layi ya bayyana, ya fara cika daga gefe.

"Innalillahi! Ta kama! Hajiya, ta fara sha!"

Ya waiga baya, amalanke ya toshe hanya, gaba kuma bango ne. Ya faɗo ɗakin da taɓonsa, ya bi igiyar da ido har bayan randa. Ya ɗaga dutsen, ya buɗe murfi. Ga akwatin a zaune a gindin tukunya, an shimfiɗa masa tsumma, koriyar fitilarsa tana ƙiftawa.

"Wa ya ce miki ana dafa wifi?"

"Wa ya dafa? Ɓoyewa na yi. Ni da Maryama maƙwabciya muka yi aikin bayan sallar asuba."

"Tsohuwa, bango ɗaya ne tsakaninsa da motar! Ga murfin ma igiya ta ɗage shi!"

"Kai, rufe mini baki. Tukunyar nan ita ta ɓoye naman sunanka daga 'yan unguwa kaf. Za ta kasa ɓoye ɗan akwatin da bai kai kwanon sha ba?"

"'Yan unguwa da hanci suke nema. Wagga ba ta da hanci!"

"To laihin wa? Ka tahi ka sayo mayya, mai jin ƙanshin abu ta cikin dalma."

Ya kai hannu zai zare igiyar daga bango. Ban san yadda ta gane ba, da ido guda a rufe, ɗayan kuma hazo kawai yake gani.

"Kada ka taɓa!"

Muryar ba ta wasa ba ce. Hannunsa ya tsaya.

"Ranar da Auta zai koma, a bakin ƙofar nan ya durƙusa ya ce, Inna, ki yi mini alkawari ba za ki kashe shi ba, ko da rana ɗaya. Can inda yake ba shi da kowa. In ya kira bai same ni ba, ba ya iya cin abinci. Yau kuma ya san za a buɗe idon, zai kira. Na ce masa na yi alkawari."

 Daga waje muna jin mai amalanke yana lallashin jakinsa. Ɗanladi ya dubi igiyar, ya dubi taga, sannan ya janye hannunsa ya goge a riga. Ya juya mata baya ya tsuguna a gaban gadon.

"Shi ke nan, ban zarewa. Hau."

"In hau mi?"

"Bayana. In ta kwanta ta kwanta. Zan goya ki har bakin titi mu tari taksi, ko Allah zai sa mu cim ma lokotoron. Buhun albasa ma na ɗauka, balle ke da ba ki kai rabinsa ba."

"Motar hwa? Ita ce tuwon gidanka, da na innarka."

"Mota ƙarfe ce. Hau, kafin in tuna ba ki da kirki."

Hajiya ta miƙa hannu ta lalubo kansa. Ta daɗe da tafinta a kan hularsa, leɓenta yana motsi. Sannan ta ture shi.

"Tashi, ƙashin bayanka zai soke ni. Sakina!"

"Na'am, Hajiya."

"Ranar da kawunki zai tahi, ke kin yi masa wani alkawari?"

"A'a, Hajiya. Ina makaranta lokacin."

"To. Ni dai tsohuwa ce, ido guda a ɗaure, guda ba ya gani. Abin da jikoki marasa kunya ke yi a bayan randa, ban sani ba, ban kuma tambaya ba."

Na zare igiyar. Koriyar fitilar ta mutu. Ɗanladi ya ruga waje, muka ji shi yana ta hamdala da ƙarfi: layin ya tsaya bai kai ƙarshe ba, sannan ya ɓace. Shi da mai amalanke suka sa kafaɗa suka fidda ƙafar amalanken daga taɓo, ni kuma na riƙo Hajiya taku kaɗan zuwa kujerar gaba. A hanya na tura wa Kawu saƙon murya ta wayar Ɗanladi, na ce ya kira ta nan. Ya kira muna wuce gonakin gero, suka yi ta magana har muka shiga gari, ba ta ambaci tukunya ba.

Mun samu lokotoron yana nan. Ya kwance bandejin a hankali, ya goge mata ido, ya ce ta buɗe. Ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye ya gangaro. Ta dubi hannunta, ta dubi zanen jikinta ta ce ashe shuɗi ne. Ta dube ni ta ce na yi kama da innarmu. Sai ta juya ga Ɗanladi, wanda ke tsaye a bakin ƙofa da busasshen taɓo har ƙwauri, ta ƙura masa ido.

"Lokotoro, wanga wane ne?"

"Ba jikanki ba ne? Shi ya kawo ki."

"Wanga ne mijin nawa? Shekara da shekaru ana cutata a cikin duhu! Dubi kunnuwa awa faifai. Don Allah maida mini bandejin."

"Tsohuwa, ki ji tsoron Allah. Ni na kawo ki aka buɗe idon nan!"

"Shi ya sa na fara tsiyar da kai. Zo nan, matso in ƙara gani. Kai, har da gemu ka yi ban sani ba." Ta riƙe haɓarsa, muryarta ta yi ƙasa. "Allah shi yi ma albarka, mummuna. Allah shi tsare ma jakinka."

Ɗanladi ya yi dariya har ya dafa bango, yana share ido da hannun riga.

"Na sallama, amarya. Kin ci. Mi za a sayo miki?"

"Allura da zare."

Ya sayo a bakin asibiti. Da muka dawo gida bayan la'asar, ta zauna a tabarma a tsakar gida, ta ɗaga allurar sama ta zura zaren da kanta, ta ce ya tuɓe rigarsa, ta ɗinke masa aljihun da ya yage wurin turin amalanke.