Farfelar da Ba Tawa Ba

Ko na manta da sunana ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe wa garinmu ruwa da hannuna ba. Shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki ce, ni kuma ni ke kula da injin foraji, wato rijiyar burtsatse, a wani ƙauyen Kurfai kusa da Filinge.

Akwai abin da na ɓoye. Wata uku kafin nan kunnen farfelar injin ya tsage. Maimakon in gaya wa maigari, sai na kai wa mai walda ya liƙe, na mayar na yi shiru (aikin ke ciyar da gidana, kun gane).

Sai ɗiyar wana, Rabi, ta zo hutu daga Yamai, inda take karatun injiniya. Da safe ta bi ni foraji, ta yi ta ɗaukar hoto tana tambayoyi. Bayan azahar ta buɗe kwamfutarta ƙarƙashin rumfar zana. Na ga farfela tana juyawa, ruwa na murɗewa cikinta, shuɗi da kore, wani wuri ja jawur yana zuwa yana tafiya.

“Baba, ka ga jan nan? Ruwan ba ya tafiya daidai, dukan kunnen yake. In ya daɗe, nan zai karye.”

Daidai inda aka yi waldar. Ni a makarantar lakwal aji uku na tsaya, na ɗauka hoton da ta ɗauka ne ya leƙo mata cikin injina. Ban jira ta ƙare ba, na ruga foraji da takalmi ƙafa ɗaya.

Jajibirin kasuwar Filinge ne, shanu sun yi layi, mata sun jera bidonin ɗibar ruwa. Na kashe injin. Maigari ya zo yana tambayar lafiya. Gaban kowa na fallasa kaina: tsagewar, waldar, har sunan mai waldar, na ce na'ura ta riga ta tona ni.

Ina cikin haka Rabi ta iso tana haki, da ɗayan takalmina a hannu. Ta yi bayani a hankali cewa wannan ba injinmu ba ne. Farfelar madatsar ruwa ce mai ba da wutar lantarki, ba a ma ƙera ta ba, kwamfuta ce ke lissafa yadda ruwa zai yi cikinta. Aikin jarrabawarta ne.

Wani makiyayi ya tambaya ko shanunsa ma lissafin za su sha.

Maigari ya dube ni ya ce, “Kunna mana ruwa, Malam Walda. Gobe a rubuta a kawo sabuwa.”

Ba a kore ni ba. Sabuwar farfela ta zo, ƙirjina ya yi sakayau karon farko cikin wata uku. Sunan dai ya zauna, jikokina ma da shi suke kirana.

Yanzu in mai ilimi na magana, sai na bari ya kai ƙarshe kafin in fara tuba.