Yadda Aka Ba Mijina Lambar Gwarzuwar Mata

Jama'a, ranar Asabar da ta wuce na zauna kan kujerar roba tun hantsi har bayan la'asar, ina jiran Babban Baƙo. Katin gayyata ya ce ƙarfe goma daidai, har da jan layi a ƙarƙashin "daidai". Na baro Damba tun ƙarfe takwas, na yi kusan awa guda a bakin titi saboda masu Keke Napep duk suna layin mai, amma duk da haka na riga masu share zauren isa. Jim kaɗan sai sanƙira ya hura makirfo ya ce, "Babban Baƙo yana kan hanya." Maƙwabciyata Ladidi mai ƙosai, wadda ta raka ni, ta zungure ni ta ce, "Suwaiba, wagga hanya tasa, ko Makka ya tahi da ƙafa?"

Taron na karrama 'yan wasan kwaikwayo ne, wanda wani kwamiti na manya ya shirya bayan gasar bana. Ku yi mini haƙuri, ni a aji huɗu na tsaya, kuma ban riƙe biro a ranar ba. Abin da ya zauna a kaina shi nake rubuta muku. Amma in dai kallon wasa ne, babu alƙalin da zai nuna mini yatsa, domin shekara ashirin da bakwai na yi ina auren ɗan wasa.

Mijina Malam Arzika tela ne a kasuwar Gusau. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. A zamanin da suka fara wasa, babu uban da zai bar 'yarsa ta hau dandamali. Saboda haka in labari ya buƙaci mace, sai 'yan ƙungiya su dubi juna, wanda gemunsa ya fi ƙaranci shi zai ɗaura zane. Arzika kuwa gashi uku ne a haɓarsa. Haka ya zama Inna Kulu, tsohuwa mai faɗa, mai jan baki saboda goro, wadda ba ta tsoron mai gari balle mijinta. Zanena yake ɗauka, wani lokaci ma ba ya tambaya. Daga baya mata suka shigo wasa, aka gwada ba wata tsohuwa ta gaske wannan matsayi, 'yan kallo suka tashi tsaye suna cewa a dawo musu da tasu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tun daga nan sunan da uwarsa ta sani ya ɓace. A takardun talla Inna Kulu ake rubutawa. A kasuwa masu kawo ɗinki Inna Kulu suke kira, shi kuma ya amsa musu da muryarta. Yana kwance cikin ciwon ajali ya taɓa ce mini, yana dariya, "Suwaiba, tsohuwar nan ta cinye mini suna." Ni ban yi dariya ba. Ko ranar jana'iza, na ji ta bayan katanga wani yana cewa, "Inna Kulu ce ta rasu." Tun daga ranar abu ɗaya nake so a duniya: wani ya tsaya gaban jama'a, ko sau ɗaya ne, ya ce Malam Arzika ne ya yi wannan aiki.

Saboda haka da Ɗanjuma ya yi sallama da kati a hannu, sai na ce burina ya cika. Ɗanjuma shi ne ke fitowa a mijin Inna Kulu duk tsawon shekarun nan, shi ke shan ludayi a ka. Ranar ta'aziyya cewa ya yi, "Suwaiba, ke kin rasa miji, ni na rasa mata." Ya miƙo mini katin yana kallon ƙasa. A bayansa an rubuta da ruwan zinari: Hajiya Inna Kulu, Gwarzuwar Mata Ta Wasan Kwaikwayo.

Na ce, "Ɗanjuma, mi nike gani haka?"

Ya ce, "Wallahi sunansa munka rubuta. Takardar gida biyu gare ta, ɗaya sunan mutum, ɗaya sunan da ya ka fitowa da shi. Su sunka ɗauki na biyu, sunka ƙara mata Hajiya."

"Ba su taɓa ganin wasan ba?"

Ya ce, "Ke ma dai."

Ba sai an faɗa mini ba, domin gani ya kori ji. Da na fita takaba, gida ya yi mini faɗi, sai na ja Ladidi muka bi wasannin gasar, tunda kowace shekara Arzika kan tafi da ni. Bari in ba ku labarin ukun da na gani.

Na Tsafe a filin wata firamare aka yi shi, da rana tsaka, don kowa ya koma gida da ido biyu. Sunansa "Taki Ya Iso". Wani manomi ne ke jiran takin da aka yi masa alkawari tun ruwan shuka, bai iso ba sai yana sussukar gero. Wanda ya fito a mai rabon takin ya cusa matashin kai a ciki, ya miƙa wa manomin mudu ɗaya, ya riƙe gefe, ya ƙi saki sai an ɗauki hoto sau bakwai. Wani dattijo cikin 'yan kallo ya manta wasa ne, ya miƙe ya ce, "Ƙarya kukai! Mu ko mudun ba mu gani ba!" Filin ya kece da dariya. Aibinsa ɗaya, yarinyar da ta fito a matar manomin tana yawan juya wa mutane baya, kuma in ta zo kuka sai ta fara murmushi. Da Arzika na nan da ya gyara ta cikin kwana biyu. Amma wasa ne mai rai, har yau ina tuna shi in yi dariya ni kaɗai a kicin. Kujeru uku aka ware wa alƙalai, aka liƙa musu takarda. Har aka tashi babu wanda ya hau su sai wata kaza. An ce wai hanyar ce ba ta da tabbas. Mu da muka matsu mu goma sha takwas a bas ɗaya, ashe namu ran na aro ne.

Na Bungudu kan 'yan'uwa biyu ne masu rigimar iyakar gona bayan mutuwar ubansu. Ya yi tsawo, kowa sai ya yi huɗuba kafin ya ce "ina kwana". Sai dai wanda ya fito a gawa an shimfiɗa masa tabarma kan gidan cinnaka. Bawan Allah ya daure, ya daure, 'ya'yansa na tsaka da kuka sai ya yi wuf ya tashi yana susa yana salati. Babban ɗan bai daburce ba, ya ce, "Yauwa Baba, tunda ka tashi, nuna muna iyakar kahin ka koma." Na yi dariya har Ladidi ta riƙe ni. Sai kuma na ji dariyar ta juye mini, domin nawa da aka shimfiɗe bai tashi ba. A nan alƙalai sun zo, ba zan zalunce su ba. Sun ci shinkafa da kaza, sun yi hoto da 'yan wasa kafin a fara, suka shiga mota.

Na uku a nan Gusau, sunansa "Godiya Ga Jagora". Samari goma sha biyu ne da hula iri ɗaya suka yi layi, kowa ya matso ya gode wa Jagora saboda rijiyar burtsatse. Shi ke nan labarin. Ba faɗa, ba sulhu, ba wanda ya ko yi tuntuɓe. An kafa rijiyar kwali a tsakiya, ana ta buga ta ba ta kawo ruwa ba, kuma wannan ne kaɗai wurin da wasan ya faɗi gaskiya. A nan alƙalai sun zauna daga farko har ƙarshe, ɗayansu ma har da minshari. Mai shirya wasan ɗan ƙanwar matar shugaban kwamiti ne, amma na tabbata wannan bai shafi komai ba. Allah ya kiyaye mu da zato.

To, mu koma zauren Asabar. Kafin a fara na lallaba wurin sakataren kwamiti, wani mai waya uku da tabarau a goshi. Na gaishe shi har ƙasa na ce, "Ranka ya daɗe, akwai kuskure. Inna Kulu ba mace ba ce. Mijina ne, kuma ya rasu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Yanzu ita Hajiyar ta iso?"

Na sake faɗa a hankali, kamar mai koya wa yaro alif. Sai ya cire tabarau ya dube ni da takaici, kamar ni na kashe masa tsari. Ya ce, "Baba, an riga an buga allo, an rubuta jawabi. Kuma dole a ga mace ta karɓi lamba, masu ɗaukar hoto suna jira. Ki hau kamar ke ce, ki ce na gode, ki sauka. Wa zai sani?"

Wa zai sani! Rabin zauren sun girma suna kallon Arzika.

Bayan la'asar jiniya ta yi kuka. Babban Baƙo bai samu zuwa ba saboda wani uzuri na al'umma, ya turo wakili. Wakilin ma uzuri ya kama shi, ya turo nasa wakilin. Shi ne ya shigo da malum-malum mai iya rufe rumfar kasuwa, muka tashi muka tafa wa Mai Girma Wakilin Wakili.

Aka fara rabo. Lamba ta farko ta Babban Baƙo ce, Uban Wasan Kwaikwayo, mutumin da ban taɓa ganin ƙeyarsa a filin wasa ba. Ta biyu ta shugaban kwamiti, shi ya sa hannu a kanta, shi ya karɓa, har ya nuna mamaki. Ta uku ta wanda ya kawo kujeru. "Godiya Ga Jagora" ya zo na ɗaya. 'Yan Tsafe da suka yi wasa na gaske aka ba su takardar shaidar halarta, ita ma guda ɗaya su raba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai Wakilin Wakili ya gyara murya. Ya ce yanzu an zo kan uwa, abin koyi ga matan ƙasar nan. Ya ajiye takardar jawabi don a ga daga zuciya yake magana. Ya ce, "Hajiya Inna Kulu uwa ce gare ni. Na sha zuwa gidanta. Na ci tuwonta da miyar kuka, har yau ban ci irinsa ba."

Ladidi ta ce, "La'ilaha! Arzikan da ko ruwan zahi bai iya dafawa?"

Kujerun baya suka fara girgiza. Masu facin taya, 'yan kasuwa, direbobin tasha, kowa ya toshe baki da hula. Shi kuwa ya ɗauka jawabinsa ne ya yi daɗi, sai ya ƙara wuta. Ya ce mace ce mai kunya, mai biyayya ga mijinta. Nan Ɗanjuma ya shafa ƙeyarsa inda ludayi ya saba sauka, zauren ya fashe.

Aka kira suna, sakatare ya yafito ni. Na hau dandamali, karo na farko a rayuwata. Ya raɗa mini, "Na gode kawai." Wakilin Wakili ya miƙo allon ya riƙe gefe yana washe baki ga masu hoto, ya ce, "Inna, kin gane ni ko?"

Na ce, "Ɗana, ban gane ka ba." Makirfo a buɗe yake.

Na karɓe shi daga hannun sanƙira na ce, "Jama'a, ni sunana Suwaiba. Ban taɓa yin wasa ba. Inna Kulu namiji ne, da zanena ya ka hitowa. Shekara talatin yana ba ku dariya, da ciwo da lahiya, bai taɓa neman ko sisi ba. Wata bakwai ke nan yana kabari. Sunansa..."

A nan murya ta ƙi. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ni da na kwana ina maimaitawa.

Sai Ɗanjuma ya miƙe daga can baya, ya ce da ƙarfi, "Malam Arzika tela!" Wani ya amsa, "Arzika na bakin kasuwa!" Wata tsohuwa ta ce, "Allah jiƙan Arzika!" Zauren duka ya ce amin, irin amin ɗin da ake ji a ƙirji. Wani malami ya ɗaga hannu ya ja Fatiha, kowa ya shafa. Manyan kujerar gaba ma suka shafa, suna satar kallon juna don su ga ko lokacin saukewa ya yi. Na tsaya ina hawaye a gaban mutane, ban ji kunya ba. Abin da na zo nema na samu, kuma ba daga hannun kwamiti ba.

Wakilin Wakili ya karɓi makirfo ya ce dama sun sani, sun yi haka ne don su gwada ko jama'a suna bin al'adunsu. Aka tafa masa. Gwanin wasa in ya yi abin kirki ai a yaba, kuma a duk gasar bana ban ga wanda ya kai shi ba.

Jiya Laraba wani masinja ya kawo ambulan mai hatimi daga kwamiti. Wasiƙar ta'aziyya ce. Suna jajanta rasuwar Hajiya Inna Kulu, suna roƙon Allah ya ba mijinta haƙurin rashinta. A bayan ambulan an rubuta: Zuwa ga Malam Arzika, Damba.

Na karanta wa Ladidi, ta ce in mayar musu. Na ce a'a, a bar su haka. Wannan karon ko harafi ɗaya na sunansa ba su kuskure ba.