Man Shanu a Agogon Surukina

Ko zan manta hanyar gidanmu a Kankia, ba zan taɓa mantawa da agogon surukina na Kusada ba. Tsohon agogon bango ne mai akwatin katako, gadon mahaifinsa (ina kyautata zaton ya ga ruwan Ɗufana). Ba ya cin batir. Wani dunƙulen ƙarfe ne ke rataye a cikinsa da tsirkiyar hanjin rago, yana sauka a hankali yana juya shi. Duk Juma'a Baba, wato surukin nawa, ke murɗa shi da hannunsa, kuma tsirkiyar nan ta asali ce, ba a taɓa sake ta ba.

Wata rana na je gaisuwa, na tarar ya buɗe akwatin yana tsaki, wai tsirkiya ta bushe. Maimakon in sunkuyar da kai kamar kowane surukin kirki, sai bakina ya riga ni.

"Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne. Da fata da hanji duk dangi ne. Abin da ake wa gugan fata shi za a yi mata."

Aka kawo man shanu daga cikin gida, na lafta mata har tana ƙyalli. Na koma Kankia ina ji kamar ni na ƙera agogon.

Ashe ɓerayen Kusada ma suna son man shanu.

Ranar sunan jikan Baba, zaure cike da malamai, ina tsakiyar ba su labarin gwanintata (har na kai inda Turawa za su zo koyo wurina), sai muka ji tim! Tsirkiya ta tsinke, ƙarfen ya fasa gindin akwati, ya faɗa ƙwaryar kokon liman. Rawani ya sha, gemu ya sha. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya jujjuya tsirkiyar, ya ce, "Ba a yar da ita. A yanke inda ɓeraye suka ci, a ƙulla saura." Haka aka yi, agogo ya tashi. Sai dai ta gajarce, yanzu kusan kullum sai an murɗa shi.

Ya dube ni ya ce, "Mai gyara, tunda kai ka rage mata tsawo, duk randa ka zo kai za ka murɗa."

Har yau ina murɗawa, a gaban jama'a. Amma duk abin da ya girme ni a gidan surukai, gaishe shi kawai nake yi in wuce.