A-kori-kurar da Ba Ta Shan Mai

Jama'a, da ciwon kafaɗa nake wannan rubutu, don jiya wuni na yi ina tura ci-gaba a hanyar Funtua.

Kun tuna a-kori-kurar lantarkin da Masu Girma suka ba ƙungiyarmu ta manoma? Ranar biki wani Ranka-ya-daɗe ya rantse cewa batirinta ya fi katifa girma, caji ɗaya kilomita ɗari huɗu. Muka yi ta tafi har tafin hannu ya yi zafi. Ashe ranar da aka auna, daga shi sai hularsa ta ɗauka, a kan kwalta sumul.

Abin da ba a faɗa mana ba, babban batiri babban ciki ne. Wutar garinmu kuwa leƙowa take yi ta gaishe mu ta koma, ko rabinsa ba ta cika ba. Mu kuma ba mu iya lodin wasa ba. Maƙwabcina Jibo ya jera kwandunan tumatirinsa, noman raninsa kaf, aka ƙara buhunan masara, mu ma muka ɗare sama. Da ma motar ba ta ƙara, sai da mai keke ya wuce mu muka gane ta mutu.

Jibo ya ce, "Malam, a samo galan mana!"

Na ce, "Galan ɗin me? Ka taɓa ganin lantarki a kwalba?"

"To a tura ta tashi."

Muka tura har idanu suka yi ja, ko tari ba ta yi ba. Rana ta take, tumatir ya fara tsiyaya ta ƙasan kwando. Jibo ya zauna a bakin titi ya zuba tagumi. Wallahi raina ya ɓaci.

Na buga wa Ranka-ya-daɗe waya. Ya ce in kwantar da hankalina, kwamiti ya riga ya zauna: za a sayo ƙaton janareta a riƙa ɗora shi a bayan motar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tumatirin fa, a ina zai zauna?"

Ya ce, "Sai ya biyo wata motar."

Allah ya ƙara basira! Ba dai za a ce shirin bai amfani kowa ba, don awakin bakin hanya sun ƙoshi da noman Jibo.