Gladys Ta Rasu a Hawan Gada

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Mista Orville Pruski na Layin Lemo, a unguwar 'yan fansho ta Heron Cove da ke jihar Florida, yake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar motarsa ta lantarki, Gladys, wadda ta cika ranar Talatar da ta gabata da hantsi, bayan doguwar jinyar da maigidanta ya yi ta ɓoyewa.

Marigayiya ƙaramar mota ce mai kujera biyu da rumfa, irin wadda aka ƙera domin 'yan wasan golf, sai dai har ta bar duniya ba ta taɓa taka filin golf ba. Orville ya ce shi bai ga dalilin da zai sa babban mutum ya bugi ƙwallo da kansa, sannan ya bi ta da mota ba. Ta shigo gidansa ne a shekarar da 'yarsa Janine ta zo daga Toledo ta karɓe makullin babbar motarsa, bayan ya shiga kantin magani da ita ta inda babu ƙofa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta cikin dusar ƙanƙara, sai ga shi zaune a baranda yana ƙirga motocin wasu. Ya daina aski, ya daina zuwa coci. Da Janine ta ga haka sai ta sassauta, ta yarda ya sayi wannan 'yar ƙarama ta hannu, amma da sharaɗi.

"Baba, ran da wannan ta tsaya, sai ka tattara ka dawo wurina. Na riga na gyara maka ɗakin ƙasa."

"Ɗakin da injin wanki yake?"

"Akwai taga a ciki, Baba."

Ya raɗa mata Gladys, sunan wata gwaggonsa da ita ma ba a taɓa ganin ta yi sauri ba.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai yi mata shaidar alheri. Ba ta taɓa shan ko ɗigon fetur ba. Ba ta hayaƙi, ba ta ɗaga murya, har masu tafiya a ƙasa ba sa sanin tana bayansu sai Orville ya yi gyaran murya. Bukatarta ɗaya a duniya, a jona ta a bangon gareji a ƙyale ta. Ba ta taɓa karya dokar gudu ba, ko da maigidanta ya roƙe ta. Maganarta ba ta wuce biyu ba: wani ɗan "huuu" da take yi in hanya ta miƙe, da "ƙii, ƙii, ƙii" in za ta ja da baya, kamar mai neman afuwa.

Ta yi hidima ba ƙorafi. Ta kai shi kantin kayan abinci, ta kai shi wurin likitan zuciya, da na ido, da na ƙafa, da likitan da ke duba magungunan da sauran likitocin suka rubuta. Ba ta taɓa fashin faretin unguwa na ranar 'yancin kai ba, sanye da tutoci, kullum ita ce ta ƙarshe, har jama'a suka saba in sun hango ta su fara naɗe kujerunsu.

Amma babban aikin ladanta shi ne Misis Maribel Ocasio ta ƙarshen layi, wadda ba ta taɓa koyon tuƙi ba domin mijinta ne yake kai ta ko'ina har ya rasu. Gladys ce take kai ta gyaran gashi, da wasan bingo ranar Alhamis, da coci ranar Lahadi. Orville yana cewa ai kan hanyarsa ce, ko da yake cocinsa yana gabas, nata yana yamma. Wannan bai yi wa Gus Lindqvist daɗi ba, maƙwabcin da gidansa ke kallon na Orville, mai sabuwar mota ja da kujerun fata da fanka da rediyo.

"Maribel, hawo in kai ki," in ji Gus. "Kafin wannan tsohuwar ta isa, an gama addu'a an shanye kofi."

"Na gode, Gus. Ni ba na son iska ta watsa mini gashi."

Ciwon ajali ya fara ne bara, bayan ambaliyar guguwa ta shiga gareji ta kwana a ciki. Da farko caji ne ba ya zama. Daga nan sai numfashi ya fara gajarta a kan tudu, ko da yake tudu ɗaya ne a duk unguwar, wato gadar da ta tsallake babban titi zuwa kantuna da ɗakin taro. Bakanike Terrell ya kwanta a ƙarƙashinta, ya fito yana goge hannu.

"Dattijo, batiran nan sun gama aiki. Kuma ba su kaɗai ba ne, ruwan gishiri ya cinye ƙarfen ƙasa. In na sa sababbi, a titi za ka tsince su."

"To a yi mata abin da zai rage mata wahala."

"Ka daina hawa gada da ita. Kai ma ka rage cin kek."

Orville bai gaya wa kowa ba. In Janine ta kira shi ta bidiyo ranar Lahadi, sai ya shiga ya zauna a mazaunin direba cikin gareji, ya sa giyar baya. "Ji ta nan, lafiyarta ƙalau." In kuwa suka iso gindin gada shi da Maribel, sai ya tsaya ya ce ta sauka ta ga wani tsuntsu a bakin tafki, in ta gama ta tako ta same shi a sama. Tana juya baya sai ya sa kafaɗa ya tura.

"Orville, tsuntsun nan jiya ma mun gan shi."

"Wancan mijin ne. Wannan matar ce."

Ranar Talata aka yi walimar unguwa a ɗakin taro, kowa da tukunyarsa. Maribel ta dafa shinkafa da kaza a babbar tukunyar ƙarfe, ta ɗora a cinya, babu halin sauka kallon tsuntsu. Ga Gus a baya yana danna oda. Orville ya shafa sitiyari, ya ce a hankali, "Yi haƙuri, yau kawai." Gladys ta kama hawa. Ta yi ƙoƙari, kowa ya gani. Da ta kai tsakiyar tudu sai ta yi wata ajiyar zuciya ta tsaya. Sannan ta fara komawa baya, shiru, ko "ƙii" ɗin nan ba ta yi ba. A nan Orville ya gane rai ya yi halinsa.

Ya taka birki, birki ya tafi ƙasa bai dawo ba. Gus ya kauce ya faɗa cikin furannin kwamitin unguwa. Marigayiya ta gangara cikin mutunci, ta bar kwalta, ta ratsa ciyawa, ta shiga tafki har ruwa ya kai musu gwiwa. Wani kada da ke shan hantsi a can gefe ya buɗe ido ɗaya ya mayar ya rufe. Maribel ta ɗaga tukunya sama da kanta, ko ƙwayar shinkafa ba ta zube ba. Waɗanda abin ya faru a gabansu sun ce ba su taɓa ganin marigayiya ta yi gudu irin na ranar ba.

Wani daga cikinsu ya ɗauka a waya, kuma kafin wandon Orville ya bushe hoton ya isa Toledo. Yana zaune a barandar Maribel, ƙafafu cikin tawul, Janine ta kira.

"Baba, ka ji ciwo?"

"A'a."

"Ina zuwa ranar Juma'a da kwalaye."

Orville bai yi musu ba, domin alkawari ya yi. Ya dubi layin, da bishiyar lemon da ya dasa, da garejinsa a buɗe babu komai a ciki, ya ce, "To." Sai Maribel ta miƙo hannu ta karɓe wayar.

"Janine, 'yata, ki zo mu gan ki, amma babanki ba inda za shi. Akwai mai kai shi asibiti, akwai mai kai shi coci."

"Wa?"

"Ni. Na sayi wata irin Gladys, ruwan ɗorawa, a wurin Terrell, tana bayan shagonsa, shi yake koya mini."

Orville ya juyo. "Tun yaushe?"

"Tun da na gaji da kallon tsuntsu. Ka ɗauka ba na jin nishinka kana turi?"

Janine ta ce, "Anti, kin iya tuƙin kuwa?"

"Na iya tafiya gaba. Shan kwana ne muke kai."

An tashi a kan cewa Janine za ta zo da kwalayenta, amma za su zauna a bayan motarta har sai ta gani da idonta.

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta, da wayar caji da har yanzu take rataye a bango tana jira, da kwandon cefane, da matashin kujera mai zanen abarba, da tayoyi huɗu, uku daga ciki masu sauran rai. Allah ya ba su haƙurin rashi.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da safe daga ƙofar gidan mamaciya zuwa makwancinta a bayan shagon Terrell, inda za a cire batiran a miƙa su wurin da doka ta ce. Mista Lindqvist ya ɗauki nauyin jan ta da jar motarsa, iyali sun amince domin babu yadda za su yi, sun dai roƙa a kashe rediyo. Kwamitin unguwa yana tunatar da masu ta'aziyya cewa ba a ajiye mota a kan ciyawa, ko da ta makoki ce. Ba a bukatar furanni, an riga an yi asararsu da yawa. Za a raba kofi da shinkafa bayan an dawo.

Mai makoki zai biyo bayan gawa a kujerar fasinja, karon farko tun yana saurayi, ana roƙon jama'a kada kowa ya yi magana a kan haka. Misis Ocasio ce za ta tuƙa. Don haka ana shawartar mazauna Layin Lemo su shigar da kwandunan shararsu tun daren Juma'a, masu tsayawa a bakin hanya kuma su ɗan ja baya, musamman a wurin shan kwana.