Ungulu a Katangar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da haƙoran nan sun gama zubewa, da ranar da na zama soja a Limancin Kona.

Bayan yaƙi ne. Ƙanena Sale ya zo hutu daga bariki, yana koya mana harbin nesa muna tsinkar zogale.

"Yaya," ya ce, "harsashi ma gajiya yake yi a hanya, sai ya sunkuya. In abu na nesa, ki ɗaga bakin bindiga sama da shi, ki duba iska, ki riƙe numfashi. Watanni muka yi rub da ciki kafin hannu ya saba."

Na kwashe komai na adana. (Watannin nan ne kaɗai na bari a faranti.)

Ranar ɗaurin auren ƙanwar mijina, mu mata muna girki a tsakar gida, maza na ƙofar gida. A cikinsu har da surukina, Malam Babba, wanda shekara uku ina lallaɓa mutuncina a idonsa. Ko muryata bai sani ba, don kunya.

Sai ga ungulu ta sauka a katanga, tana hararar naman biki.

"Ku matsa," na ce. "Gidanmu gidan soja ne."

Curin daddawa ne a hannuna. Na lashi yatsa na ɗaga, wai duba iska. Na riƙe numfashi har idona ya yi ja. Na auna sama da ungulun, na ƙara kamu guda don ihsani, na saki.

Jama'a, daddawa ba ta gaji ba! Ta haye ungulu, ta haye katanga. Muka ji Fatiha ta tsaya cak. Ungulu kuwa ko fiffike ba ta motsa ba.

Can sai muryar Malam Babba: "Wane ne ya yi wa rawanina miya?"

Mata suka zube da dariya, ni ina neman ramin shiga. Sai Sale, da ya shigo ɗaukar wa maza abinci, Allah ya shirye shi, ya ɗaga murya: "Malam, Yaya ce! Awon daidai ne, nisan ne ta ɓata!"

Washegari na je gaisuwa, na durƙusa a bakin zaure. Malam bai ɗago ba. Ya ce, "Saja, an tashi lafiya?"

Har ya koma ga Allah da sunan nan yake kirana, jikokina ma sun gada. To, wanda ya koyi harbi da kunne, ya fara tambayar wa ke bayan katanga.