Hanyar Samun Lemu Mai Cibiya Tsakanin Ƙanƙara da Sabuwa

Na yi maka alkawari, ya kai mai karatu, idan ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka riƙe lemun ƙasar waje mai cibiya a hannunka kafin damina ta sauka. Ba da ka na tsara su ba. Maƙwabcina Alhaji Barau na Mabai ya bi su a kan idona, kuma ya samu.

Mataki na ɗaya: Ka toshe hanyar komawa

Ka je hajji, tunda bana gwamnati ta yi kuɗi har jirgi yana neman fasinja. A Jidda za a ba ka lemu mai jan ɓawo, mai wata 'yar cibiya a ƙasansa, a ɓare a kan faranti. Ka shanye. Da dawowarka ka rantse a gaban majalisa cewa sai mutanen garinku sun sha irinsa daga lambunka. Sannan ka sare itatuwan lemu bakwai da mahaifinka ya dasa, ka haƙa ramuka, ya zama iri kawai ake jira. Haka Alhaji ya yi. Mutumin da yake da lemu a gida ba ya neman lemu da zuciya ɗaya.

Mataki na biyu: Kada ka saurari matarka

Za ta yi magana. Hajiya Safara'u ta leƙa lambu ta ga kututture, ta ce, "Alhaji, wai mi lemun nan ya yi maka? Shekara talatin muna sha, ban taɓa jin ya zage ka ba."

Ka ce mata ba ta san duniya ba. Idan tare kuka yi hajjin, ka yi tari ka fita.

Mataki na uku: Ka fara da kantin Ƙanƙara

Ka sa babbar riga, domin ba a nuna wa mai ƙaramar riga kayan waje. Za ka tarar da kifin gwangwani, da madara, da batir, da rediyo mai kaset. Mai kanti a zamanin nan ba ya cewa babu. Malam Rabo, da ba a taɓa ganin ko lemun tsami a kantinsa ba, ya gyara hula ya ce, "Ai mun yi oda, Alhaji. Jirgin ruwan na Ikko, yana layi a bayan jiragen siminti."

Kada ka tambaye shi yaushe. Shi ma bai sani ba, kuma zai ba ka amsa.

Mataki na huɗu: Ka jure wa 'Yankara da Faskari

Ranar kasuwar 'Yankara ka je layin masu lemu ka yi bayani a natse. Wani zai ce, "Cibiya kuma? Baba, lemu kake nema ko jinjiri?" Wani kuma zai juya maka baya, ya danna babban yatsa a gindin koren lemu, ya miƙo maka yana salati. Ka duba farcensa kafin ka duba lemun.

A Faskari za a sayar maka da gwangwanin ruwan lemu mai hoto a jiki. Ka karɓa. Daga ranar ba ka bukatar dogon bayani, sai dai ka zaro gwangwani ka nuna, kamar mai cigiyar ɗan'uwa.

Mataki na biyar: Ka bi bayan kuku

Wannan shi ne asirin. Inda Turawan kamfanin hanya suka yi sansani, akwai kuku, kuma kuku ya san kantin da ake ajiye wa iyayen gidansa kaya. Alhaji ya bi wani har Sabuwa, kantin Malam Nata'ala. Ga su nan cikin akwati, kowane a naɗe da 'yar takarda, an buga masa hatimi a ɓawo kamar fasfo. Ka sayi uku. Kada ka sha a hanya. Ka rungume su a mota, ko da kwandasta zai tambaye ka ko ƙwai ne.

Mataki na shida: Ka tara jama'a

Abin da aka rantse a gaban mutane, a gabansu ake yanka shi. Alhaji ya sa aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, aka kawo faranti domin tara iri, ya yi bisimilla ya tsaga na farko. Ba ƙwaya. Ya tsaga na biyu, ya tona da yatsa. Ba ƙwaya. Ya tsaga na uku, ya tona har ɓawo. Ba ƙwaya.

"A Jidda ma ban ga ƙwaya ba," in ji shi a hankali. "Na ɗauka Larabawa ne suka cire don girmama baƙi."

Malam Zailani, malamin gona, ya ce, "Alhaji, ai wannan ba shi da iri. Reshensa ake samowa a yi masa aure da itacen lemun gida. Ina naka suke?"

Sai muryar Hajiya Safara'u daga bayan zaure: "To Alhaji, sai a shuka cibiyar."

Jama'a suka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Washegari ya binne cibiyoyin uku, kuma yau kwana arba'in ke nan yana ba su ruwa safe da yamma.

Kariya

Alkawarin da na yi shi ne za ka riƙe lemu a hannunka, kuma na cika. Ban ce zai tsiro ba. Gatarin ba nawa ba ne, rantsuwar ba da bakina aka yi ta ba. Wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da ramuka bakwai, ya tafi Mabai ya sami Alhaji Barau, yana da bokiti biyu.